Rolex Explorer: agogon mahawa duwatsu da ya koma kadara, har ake sauya masa maɗauri na roba

Agogon Rolex ƙirar Explorer na ƙarfe zalla, mai faɗin milimita 36, kuɗinsa a shagunan Turai ya haura yuro 7,000, wato sama da miliyon 4 da rabi na sefa. Babu lu'ulu'u a jikinsa, ko kwanan wata ba ya nunawa. Duk da haka wasu masu sayensa kan cire sarƙar ƙarfen da ya zo da ita su adana a akwati, sannan su ƙara kashe sama da dalar Amurka 200 wajen sayen maɗauri na roba. Dalilin wannan ɗabi'a yana cikin tarihin agogon kansa.

Daga Landan zuwa Jeneba

Wani Bajamushe mai suna Hans Wilsdorf ne ya kafa kamfanin a birnin Landan a 1905 tare da Alfred Davis. An yi rajistar sunan Rolex a 1908, kuma bayan yaƙin duniya na ɗaya kamfanin ya ƙaura zuwa Jeneba ta ƙasar Suwis. A wancan zamani maza agogon aljihu suka fi amincewa da shi, domin na hannu ƙura da ruwa kan shige shi su kashe injin.

A 1926 Rolex ya fito da gidan agogo mai suna Oyster, sunan wata halittar teku mai ɓawo biyu da ke rufewa gam. Murfin baya da maɓallin da ake wana agogon duk murɗa su ake yi su kulle, ruwa bai da hanyar shiga. A watan Oktoban 1927 wata ƴar Ingila, Mercedes Gleitze, ta rataya irin wannan agogo a wuya ta yi iyo na sama da awa 10 a tekun da ya raba Ingila da Faransa. Sanyi ya hana ta kai wa gaci a ranar, amma agogon ya fito yana aiki, sai Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata labarin. Daga nan kamfanin ya riƙe wannan dabara: a bai wa mai shiga haɗari agogo, in ya dawo a sayar da labarinsa. A 1931 kuma aka ƙara wani ƙarfe mai juyawa a cikin injin, wanda motsin hannu kaɗai ke sa shi wana agogon.

Wane agogo ne ya hau Everest?

Ranar 29 ga Mayun 1953, Edmund Hillary ɗan ƙasar Niyu Zilan da Tenzing Norgay ɗan ƙabilar Sherpa suka zama mutanen farko da aka tabbatar sun taka ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, mita 8,849. Ayarin na Birtaniya ne, ƙarƙashin jagorancin John Hunt, kuma Rolex ya ba shi agoguna. A cikin wannan shekara aka fara sayar da Explorer, sunan da ke nufin mai kutsawa wuraren da ba a sani ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da talla ba ta cika faɗa ba. Na farko, agogunan da aka bai wa ayarin ƙirar Oyster Perpetual ne, ba su ɗauke da sunan Explorer. Na biyu, wani kamfanin Ingila mai suna Smiths shi ma ya bai wa ayarin agoguna, kuma ya yi talla da shaidar Hillary cewa agogonsu ya kai har ƙololuwa. Yau agogon Smiths na Hillary yana gidan tarihin kimiyya na Landan, Rolex ɗinsa kuma yana gidan tarihin Beyer a Zurich. Smiths ya daɗe da barin ƙera agogon hannu, Rolex kuwa ya ci gaba da jan zaren labarin har yau.

Siffar Explorer ta samo asali ne daga buƙatar aiki: baƙar fuska, manyan lambobi 3 da 6 da 9, alama mai kusurwa uku a gurbin 12, da fenti mai haske a duhu, don mutumin da ya gaji ya karanta lokaci da kallo ɗaya. Ƙirar da ake kira 1016 ta zauna a kasuwa tun farkon shekarun 1960 har zuwa 1989 kusan ba a taɓa kamanninta ba. A 2010 aka ƙara faɗin agogon zuwa milimita 39, a 2021 aka mai da shi 36, a 2023 kuma aka ƙara wani mai milimita 40.

A 1971 aka yi masa ƙane, Explorer II, domin masu binciken koguna a ƙarƙashin ƙasa da masu aiki a yankunan ƙanƙara inda rana kan yi watanni ba ta faɗi ba. Yana da ƙarin hannu mai ruwan lemu da ke zagaya fuskar sau ɗaya a awa 24, don mai shi ya bambance ƙarfe 10 na safe da 10 na dare.

Yadda kayan aiki ya zama kadara

A watan Disamban 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, wanda ya fi na inji daidaiton lokaci, kuma ba da jimawa ba irinsa ya yi araha. Ma'aikatan agogo a Suwis suka ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Casio ya fito da G-Shock a 1983, sannan F-91W a 1989, ɗan baƙin agogon nan da babu kasuwar da ba a samunsa daga Yamai har Damagaram. Duk wanda lokaci kawai yake nema, ya samu da kuɗi kaɗan.

Kamfanonin Suwis da suka tsira sun koma sayar da suna da tarihi da ƙwarewar ƙira. Explorer na yau ya fi na 1953 inganci nesa ba kusa ba: yana jure ruwa har zurfin mita 100, yana awa 70 yana aiki ko an ajiye shi. Amma masu sayensa sun fi yawa a ofisoshi da wuraren biki fiye da kan duwatsu, kuma da yawansu na lissafin nawa za su sayar da shi nan gaba. A kasuwar agogunan da aka yi amfani da su, wanda ya zo da kwalinsa da takardunsa da sarƙarsa ba ƙarzuwa ya fi daraja. Nan ne roba ta samu shiga.

Tarihin maɗaurin roba

Ɗanyen ƙaron roba narkewa yake a zafi, ya sandare a sanyi, har sai da Ba'amurke Charles Goodyear ya gano dafa shi da farar wuta, ya yi rajistar dabarar a 1844. A shekarun 1960 masu nutso a teku suka rungumi maɗaurin roba na Suwis mai suna Tropic, saboda fata ba ta jure ruwan gishiri. Amma roba ta ci gaba da zama abin masu aiki har 1980, lokacin da Carlo Crocco ya kafa Hublot, ya ɗaura wa agogon zinari maɗaurin roba. Rolex bai bi sahu ba sai 2015, da maɗaurin Oysterflex, wanda a cikinsa akwai siraran ƙarafa masu lanƙwasa da aka lulluɓe da roba. A kan wasu agogunansa na zinari yake saka shi, kamar Yacht-Master da Daytona. Explorer kuwa da sarƙa yake fitowa daga masana'anta.

Wannan giɓi ne wasu kamfanoni masu zaman kansu, irin su Rubber B da Everest, suka cike. Ba su da alaƙa da Rolex. Suna ƙera maɗauri mai lanƙwasasshen baki da ke manne wa gidan agogon ba rata, wasu ma an yi su yadda za a ɗaura musu makullin sarƙar asali.

Ba tsoron ƙarzuwa kaɗai ke sa a sauya ba, kuma mazauna ƙasashen zafi sun fi kowa sanin sauran dalilan. Maɗaurin fata gumi da ruwan alwala kan ruɓar da shi, ya yi wari ya tsage. Sarƙa kuma ƙura kan shiga gaɓoɓinta ta haɗu da gumi, ta riƙa cin ƙarfen a hankali har ta yi sako-sako. Roba ta fi sauƙin nauyi, kuma ruwa da sabulu sun ishe ta wanki.

Abin lura kafin a sauya

Roba iri-iri ce. Ta silikon tana da laushi da araha, amma tana jan ƙura, abin da mai ita zai gani da idonsa a lokacin hunturu, kuma tana saurin yagewa. Wadda ake kira FKM, da kamfanin DuPont ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1950 domin injuna da jiragen sama, ta fi jure zafin rana da mai da gumi, ta kuma fi tsada.

Sai awo. Tazarar da ke tsakanin kunnuwan agogo, inda maɗauri ke shiga, ta bambanta ko a cikin ƙira ɗaya. Explorer 114270 da Explorer 124270 duk milimita 36 ne, amma tazarar na farko milimita 20 ce, ta na biyu 19. Don haka lambar ƙirar ake dubawa kafin a saya.

Abin da ke riƙe maɗauri da agogo wani ɗan tsinken ƙarfe ne mai sifirin a ciki. In ya zama mai rauni ko bai zauna daidai ba, agogon miliyoyi zai iya faɗuwa a titi mai shi bai ji ba. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta tsaro. Cire sarƙa da wuƙa ko sukundireba kuma kan ƙarje kunnuwan agogon, a yi asarar darajar da ake ƙoƙarin karewa. Aikin na mai gyaran agogo ne da ke da kayan da suka dace.

Garantin Rolex shekara 5 ne, kuma sharuɗɗansa sun ce saka wa agogo kayan da ba na kamfanin ba na soke shi. Shi ya sa masu sauyawa kan adana sarƙar asali, su mai da ita kafin su kai agogon gyara ko kasuwa.

Wannan bayani na da amfani ga duk wanda aka kawo wa Explorer a Maraɗi ko Tawa ko Yamai, ko aka yi masa tayinsa daga Dubai, domin Rolex na cikin sunayen da aka fi yi wa jabu a duniya. In mai sayarwa ya ce da roba kamfanin ya fito da shi, maganarsa ba gaskiya ba ce. In ya ce shi ya sauya, a nemi sarƙar da katin garanti, a kwatanta lambar da ke katin da wadda ke jikin agogon, sannan a rage kuɗi gwargwadon abin da ya ɓata. Mai neman agogon da zai shiga daji da shi ko ya ratsa Tenere, Casio na jika kaɗan zai yi masa aikin. Mai sayen Explorer kuma ya san rabin kuɗinsa na tarihi ne, ya riƙe sarƙar da takardun kamar yadda yake riƙe takardar fili.