Yabo Ne Ko Zagi? Yadda Bature Ke Siffanta Halin Mutum

Idan Bahaushe ya ce wance tana da sanyin hali, yabonta ya yi: ba ta da hayaniya, ba ta ɗaga murya. Amma ranar da ka ce wa Bature matarsa "cold" ce, ka taɓo faɗa, domin a wurinsa kana nufin ba ta da fara'a, ba ta sakin jiki da mutane, ko tausayi ma babu. Wanda abin ya yi masa yawa su ce masa "cold fish", wato kifi mai sanyi.

A nan masu koyon Turanci suka fi yin tuntuɓe. Baƙuwar magana ba ta cika ba da wahala ba, sai ka buɗe ƙamus. Wadda ta yi kama da tamu ita ce mai kayar da mutum. Ɗauki "simple". Malami zai rubuta wa ɗalibinsa takardar shaida ya ce shi "simple" ne, yana nufin sauƙin kai. Idan takardar ta faɗa hannun wani a Ingila, yana iya ɗauka yaron ba shi da kaifin ƙwaƙwalwa. Abin da ya kamata a rubuta shi ne "easy-going" ko "down-to-earth". Haka "shy". Mu kunya ado ce, har a kan yi alfahari da ita, su kuwa a wajen neman aiki rauni suke kallonta, alamar mutum ba zai iya tsayawa gaban jama'a ya yi bayani ba.

Ba duka ne suka saɓa ba. "Big-headed" girman kai ne, "hot-headed" mai saurin fushi, "tight-fisted" kuma shi ne mai hannun jarirai.

Wasu kuwa daga littattafai suka fito, kuma sanin labarinsu ya fi hadda amfani. Idan ka ji an kira wani "Scrooge", marowaci ake nufi, sunan wani attajiri ne a littafin Charles Dickens na 1843, wanda ko gawayin jin ɗumi kyashin ba akawunsa yake yi. "Jekyll and Hyde" daga labarin Robert Louis Stevenson na 1886 yake, likita mai mutunci da ke shan wani haɗin magani ya rikiɗe ya zama mugu. Yau duk mai fuska biyu ana laƙaba masa.

Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce "wet blanket", jiƙaƙƙen bargo. Da shi ake danne wuta ta mutu, shi ya sa ake kiran mai kashe wa mutane nishaɗi haka. Kowane zaure akwai irinsa: ana tsaka da shirin biki ana raha, sai ya gyara zama ya fara lissafin kuɗin shinkafa.