Fita Neman Ilmi daga Zangunan Akra, da Abin da Ake Tararwa Bayan Komowa

Mutanen zango ba su bukatar wani ya karantar da su fa'idar tafiya, domin kuwa zangon kansa tafiya ce ta haife shi. Fataken goro da dillalan shanu da malamai ne suka sauka a Akra, kamar Malam Nenu Bakatsine, wanda ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, da kuma Malam Amadu Futa, wanda ya sari Nima a shekarun 1930. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya zauna Salga, ya kuma rasu a Karachi ta bakin kogin Bolta a 1934, shi ma rihla ce ta kawo shi. A wancan zamani almajiri yakan bar gida ba tare da fasfo ko biza ba, ya lazimci malami shekara da shekaru yana yi masa hidima, har ya sami ijaza. Kuma ta wannan hanya ce Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, Limamin Ƙasa, wanda aka haifa a 1919, ya tafi Kumasi karatu yana saurayi.

Bayan da Gana ta sami mulkin kai a 1957, zumuncin da ya ƙullu tsakanin Kwame Nkrumah da Jamal Abdul Nasir ya buɗe wa 'ya'yan Musulmi ƙofar Azhar, sa'an nan da aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, wadda ke ɗaukar nauyin ɗalibi tun daga kuɗin jirgi har zuwa ci da sha da littattafai, sai hankalin samari ya karkata can. Alhaji Umar Ibrahim Imam, wanda ya komo daga Madina a 1968 ya kafa cibiyar karatu a Nima, yana cikin na farkon wannan ayari, kuma abin da ya biyo bayan komowarsu, na makarantu masu benci da allon bango, da wa'azin bainar jama'a, da muhawara mai zafi tsakaninsu da malaman Tijjaniyya, sananne ne ga duk dattijon da ya zauna unguwar. Daga baya Iran ta buɗe hanyar Ƙum, Turkiyya kuma, wadda mutanenta suka gina Masallacin Ƙasa mai hasumiya huɗu a Kanda aka buɗe shi a Yulin 2021, tana ba da tallafin karatu tun 2012, inda ɗalibi kan share shekarar farko yana koyon Turkanci.

Sai dai akwai wani al'amari da aka daɗe ana kauda kai daga gare shi, alhali shi ne ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Saurayi ya yi shekara shida ko bakwai a ƙasar Larabawa, ya ƙoshi da nahawu da balaga da usulul fiƙhi, ya komo da shahada mai hatimin zinariya, dangi suka tarye shi a filin jirgi da murna. Da ya nufi ma'aikatun gwamnati kuwa, waɗanda ba su san wani harshen aiki ba sai Ingilishi, sai ya iske babu gurbin da aka tanada domin irinsa. Ana ganin irin wannan malami a wani lungu na Mamobi ranar Asabar da Lahadi, zaune gaban yara a ɗaki mai rufin kwano, shahadarsa na rataye a bango cikin gilashi, abin da zai kai gida kuwa bai wuce ɗan ihisanin da iyaye suka aiko da shi ba. Kafa Sashen Ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa a 1987 ya rage raɗaɗin, tun da ya shigar da makarantun Islamiyya da dama cikin tsarin gwamnati, amma har yanzu malaman Larabci suna kukan albashi. A ganina, laifin ba na ilmin ba ne, kuma ba na ɗalibin ba; gazawar tana wuyan masu tura yaro ba tare da sun yi tunanin ranar dawowarsa ba.

Akwai kuma wata tafiya ta daban, gajera, wadda manufarta mu'amala da sanin ɗabi'un mutane. Wanda ya fi shahara a cikinta shi ne shirin YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumba 2001, aka sa masa sunan sanatoci biyu, Kennedy da Lugar, domin ɗaukar 'yan sakandare daga ƙasashen da Musulmi ke da yawa. Gana ta kasance cikinsu, kuma ƙungiyar AFS ce ta riƙa tantance 'yan takara. Yaron da aka zaɓa yakan zauna shekarar karatu guda a gidan wasu Amurkawa, ba a ɗakin kwanan ɗalibai ba, ya ci abin da suka ci, ya tafi makarantar garinsu. A nan ake gane tarbiyya: yarinyar da ta saba da hayaniyar sahur a gidan haya mai ɗaki goma, ga ta ita kaɗai a kicin kafin alfijir, ƙanƙara ta rufe taga, karen gidan na kewaya ƙafarta, tana duba lokacin salla a waya saboda babu ladan, da gari ya waye kuma ita ce za ta yi wa 'yan ajinsu bayanin dalilin da ya sa ko ruwa ba ta sha. Wanda ya iya amsa wannan tambaya da natsuwa, ba fushi ba kame-kame, lalle ya ƙara fahimtar addininsa. Ɗan zango kuwa, wanda ya tashi yana Hausa a gida, Tuwi da Ga a kasuwa, Ingilishi a makaranta, maƙwabcinsa na dama Bazabarme, na hagu Kirista ɗan Frafra, ya riga ya yi rabin wannan karatu tun bai taka jirgi ba.

Abin takaicin shi ne ba kowa ke isa bakin ƙofar ba. Masu zaɓe suna duba sakamakon jarrabawa da ƙwarewa a Ingilishi, saboda haka yaron da aka bari a makarantar allo kaɗai ya fita daga lissafi tun da wuri. Ga kuma batun takardu, domin mutanen zango sun daɗe suna kokawa cewa mai suna Bahaushe yakan sha tambayoyi game da asalin kakanninsa kafin a ba shi fasfo, tabon da bai gama warkewa ba tun korar baƙi ta 1969. Wanda bai yi wa ɗansa takardar haihuwa da wuri ba zai gane kurensa ranar da wa'adin neman ya rage mako biyu. 'Ya'ya mata suna da nasu shingen, na tsoron iyaye da maganar mutane, ko da yake tsoron kan ragu idan uwa ta zauna da wata uwar da 'yarta ta je ta dawo lafiya. Sa'an nan ga 'yan koneshan, masu karɓar kuɗi da alkawarin gurbin karatu, alhali shirye-shiryen da muka ambata ba a sayen fom ɗinsu a hannun dillali.

Game da doguwar tafiya kuwa, hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020, ita ce ke auna shahadar waje ta faɗi matsayinta a Gana, kuma ya fi dacewa uba ya bincika ko ana amincewa da jami'ar da fannin tun kafin a sayi akwati. An fara ganin sauyi a fannonin da ake nema: bayan kafa Asusun Raya Zanguna da dokar 2017, an tura wani rukunin 'yan zango Kuba koyon likitanci, kuma cikin masu neman Turkiyya akwai masu son injiniyanci da haɗa magunguna. Asibitin Mamobi, inda tsofaffi da yawa suka fi sakewa su faɗi ciwonsu da Hausa, yana da bukatar irinsu, muddin sun ci jarrabawar hukumar likitoci ta Gana, wadda ke jiran duk wanda ya yi karatun likita a waje.