Wace Mita Za Mu Saya Don Auna Wutar Gida?

Ba ma sayen hatsi a kasuwa sai an auna mana da mudu. Amma da yawa a cikinmu muna biyan kuɗin wutar lantarki kowane wata, ba mu san yawan abin da muka sha ba. Daga nan rigima takan tashi. Mai gida ya ce 'yan haya ne suke shanye wuta, 'yan haya kuma su ce firjin mai gida ne. Mita ita ce mudun wuta. Iri uku ne muke so mu bayyana, kowace da nata aiki. Wanda ya sayi wadda ba ta dace da bukatarsa ba ya zubar da kuɗinsa.

Abin da mita take aunawa

Kowane kayan lantarki yana da ƙarfin wutar da yake ja. Ana kiran wannan wat, kuma akan rubuta shi a jikin kayan. Abin da yake jan wat 1,000, in ya yi awa ɗaya yana aiki, ya sha yunit 1. Yunit ɗin nan ne kamfani yake sayar mana.

Ga misali. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, in muna kunna shi awa 5 kowane dare, zai sha yunit 9 a kwana 30. Sabon ƙwai irin na LED mai wat 9 ba zai kai yunit ɗaya da rabi ba, haskensu kuwa kusan ɗaya ne. Dutsen guga mai wat 1,000 yakan sha yunit guda cikin awa ɗaya ko kusa da haka.

Ta fari: mitar kamfani

Wannan ita ce take auna wutar gida duka, da ita kuma ake lissafin kuɗi. A Nijeriya, tun shekarar 2013 kamfanoni masu zaman kansu ne suke raba wuta. A Nijar kuwa NIGELEC ne. Wannan mita ba a sayenta a kasuwa. Sai mutum ya je ofishin kamfanin yankinsa ya nema, su zo su duba gidan. Kada mu yarda da mai cewa yana da wadda aka ciro daga wani gida da araha, gama an yi mata rajista da sunan wani.

Gida mai ƙwayayen lantarki, da fanka, da firji, mita mai layi ɗaya ta ishe shi. Mai layi uku ta masu manyan injuna ce, kamar babban injin niƙa. In da hali mu nemi irin wadda ake sa wa kati. Muna biya tun da fari, a ba mu lambobi 20 mu danna, muna kuma ganin sauran yunit da idonmu.

Ta biyu: mitar raba wuta

Wannan ta gidan haya ce, ko gidan gandu inda iyalai da yawa suke shan wuta daga mita ɗaya. Ana sayenta a shagon kayan wuta, a sa wa kowane sashe tasa a bayan mitar kamfani. Kamfani ba ya karanta ta, tsakaninmu ne kawai.

Kafin mu saya, mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa ya duba ko wayar kowane sashe dabam take. In wayoyin a haɗe suke, mitar za ta ɗora wa wani wutar maƙwabcinsa. Shi ne kuma zai faɗi girman mitar da za ta ɗauki kayan sashen, shi ne zai ɗaura ta. Kada mu taɓa wannan aiki da hannunmu.

A karanta mitocin rana ɗaya kowane wata a gaban kowa, a rubuta a littafi. Jimlarsu ba za ta kai ta mitar kamfani ba, saboda ƙwan zaure da na bayan gida da famfon rijiya. A raba wannan ragowa daidai wa daida.

Ta uku: ƙaramar mitar soket

Wannan tana auna kaya ɗaya ɗaya. A soka ta a soket, sa'an nan a soka firji ko fanka a jikinta. Ita ce take tona asirin abin da yake cin kuɗinmu. Mu duba abu huɗu kafin mu biya:

1. Ta zama ta wutar bolt 220 zuwa 240. Wadda aka yi domin Amurka ta bolt 120 ce, ba za ta yi mana ba.
2. Ƙafafunta su dace da soket ɗinmu. A Nijeriya ƙafa uku masu kusurwa, a Nijar masu zagaye.
3. Ta nuna wat, ta kuma nuna jimlar yunit, wanda ake rubutawa kWh.
4. Ta riƙe lissafinta in an ɗauke wuta. Wadda take komawa sifiri ba ta da amfani a wurinmu.

Yawancinsu ba sa ɗaukar fiye da wat 3,000, don haka kada a haɗa mata kaya masu zafi da yawa lokaci ɗaya. Firji kuwa yana tashi yana tsayawa da kansa. Sai a bar mitar a kansa kwana ɗaya cur kafin a san gaskiyarsa.

Masu shirin sayen janareta ko sola, su ne suka fi bukatar wannan awo. Su auna kayansu tukuna, kada su sayi ƙarami ya kasa, ko babba ya cinye kuɗin taki. Su tuna firji da famfo sukan ja wuta ninki da yawa a lokacin tashi. Wannan mita ba ta auna wutar batir mai bolt 12. Wannan tana da tata mita dabam.

Shawararmu

Mu tambayi kanmu tukuna, me muke so mu sani? In abin da kamfani yake binmu ne, mu je ofishinsa. In rabon kuɗi ne tsakanin 'yan gida, mu nemi mitar raba wuta. In kuwa muna neman abin da yake shanye wutar ne, ƙaramar mita ta isa. Ba lalle kowane gida ya sayi tasa ba. Ƙungiyar manoma ko ta mata za ta iya sayen guda ɗaya, ta riƙa zagawa gida gida, mako ɗaya ɗaya.