Ko Kun Sani? Tallafin Abinci da Ƙarancin Kuɗi a Arewa

Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, wato WFP, da gudummawar ganin dama take aiki. Idan masu bayarwa suka janye hannu, rumbunta ya bushe.

Haka ta faru a watan Yulin 2025, bayan Amurka da wasu ƙasashen Turai sun zaftare taimakon da suke bayarwa. Hukumar ta yi gargaɗin dakatar da tallafi ga mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya, da rufe cibiyoyin jinyar tamowa sama da 150 a Borno da Yobe, sai fa in an samu dala miliyan 130.

Arewa maso yamma ita ma ta shiga tsaka mai wuya, domin shekara da shekaru babban shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya ya taƙaita ne ga Borno, Adamawa da Yobe. Alhali ’yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu a Giwa da Birnin Gwari. A jihar Katsina kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce tamowa ta kashe yara 652 a asibitocinta cikin watanni shida na farkon 2025.