"Shawara Ba Ta Son Allura": Maganar Da Ke Tsare Marasa Lafiya A Gida

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, wadda ta haɗa da gwajin ciwon hanta da na sikila, ake ta ja-in-ja a kanta har a majalisun hira na Gusau. Wasu na yabawa, wasu na cewa tonon silili ne da hana 'ya'yan mutane aure. To, a ci gaba da muhawara. Amma wanda idonsa ya riga ya yi ruwan ɗorawa fa, me muke yi masa?

Kowa ya san amsar. Daga tsohuwar da ke Kwatarkwashi, zuwa direban tashar Tsafe, har ma'aikacin gwamnati mai digiri a Tudun Wadar Gusau, bakinsu ɗaya: shawara ba ta son allura, in aka kai shi asibiti sai gawa. Sai a jiƙa rawaya da sassaƙe a ɗura masa, a hana shi nama da mai, a rufe shi a ɗaki. Ba a neman mota sai ya fara sambatu ko aman jini.

Matsalar ita ce shawara alama ce, kuma cututtukan da ke kawo ta ba su ma yi kama da juna ba. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kwana 120 a jiki sannan su mutu. Daga ragowarsu ake samun wani sinadari mai ruwan ɗorawa da likitoci ke kira bilirubin, wanda hanta ke tacewa ta zuba a matsarmama, ya bi hanji ya fita. Ɗauki lungun da ruwa ya kwanta a cikinsa da damina. Ko dai ruwan sama ne ya yi yawa har ya fi ƙarfin kwata, ko kwatar ce ta rufta, ko kuma leda ce ta toshe bakinta. Mai wucewa ruwa kawai zai gani a ƙofar gida, amma gyaran kowanne daban ne, kuma wanda ya kama yasar kwatar da ta rufta ya wahalar da kansa a banza. Mai sikila, wanda ƙwayoyin jininsa ke fashewa cikin kwana 10 zuwa 20, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya cinye wa jini, nasu yawan ruwa ne. Mai ciwon hanta, kwatarsa ce ta rufta. Mai tsakuwa a matsarmama ko ƙari a hanyarta, toshewa ce, wani lokacin sai fiɗa. Tulun jiƙo ɗaya ba zai yi wa iri ukun nan aiki ba, kuma ba mai bambance su sai gwajin jini da hoton ciki.

Ban ce maganar ta taso haka kawai ba. Wasu nau'o'in ciwon hanta, kamar A da E da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, sukan warke da kansu cikin 'yan makonni, sai jiƙo ya kwashe yabo. Su kuma waɗanda aka kai asibiti a makare sukan rasu bayan an sa musu ƙarin ruwa, sai allura ta kwashe zargi. Akwai kuma allurar da lallai take da haɗari. Hanta ce ke haɗa sinadaran daskarar da jini, don haka in ta gaza, allurar cikin tsoka kan sa jini ya taru a wurin. Diklofenak da ake soka wa kowa a kemis yana iya jawo zubar jini a ciki ko ya taɓa ƙoda, maganin barci na iya jefa mai ciwon hanta dogon suma, farasitamol in ya wuce kima shi kansa guba ne ga hanta. Waɗannan duka nas ƙwararriya ta san su, kuma aikinta ne ta kauce musu. Yaron kemis ne bai sani ba. Nau'in E ɗin da ake rainawa kuwa, ga mai tsohon ciki ajali ne a kusa. An ga haka a Diffa ta Nijar a 2017, inda mata masu juna biyu suka fi yawa cikin waɗanda suka rasu.

Wanda ya fi yi mana ɓarna shi ne nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba, domin yakan yi shekaru yana cin hanta ido fari tas. Yana bin jini: askar wanzami ɗaya ga jarirai da yawa, ƙaho, kaciya, mai yankan farce a kasuwa, uwa zuwa jariri wajen haihuwa. In ya haɗu da gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, haɗarin sankarar hanta yakan ninka sosai, kuma mu nan mutanen gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne.

Idan aka kwantar da irin wannan maras lafiya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, likita zai zagayo ya rubuta magani ya wuce. Sauran sa'o'in na nas ne da mai jinya. Nas za ta riƙa tambayar abin da dangi ke ganin shiga sharo ba shanu ne: sau nawa ya zagaya yau, wane launi ne, ya yi barci da dare ko sai da rana? Baƙin bayan gida mai kama da kwalta yana nufin jini na zuba a ciki. Barcin rana da farkawar dare, ɗimuwa, rawar hannu in ya miƙe shi, alamu ne cewa dattin da hanta ta kasa tacewa ya fara hawa ƙwaƙwalwa. A nan ne dangi kan ce gamo ya yi, su nemi a sallame shi. Addu'a ba ta hana magani, kuma maganin sananne ne: laktulos, ruwa mai zaƙi da ake ba shi har ya riƙa zagayawa sau 2 zuwa 3 a rana, domin dattin ta nan yake fita. Mai jinya da ya ga haka ya ɗauka gudawa ce ya daina bayarwa, ya mayar da hannun agogo baya. Haka nan nas ke auna nauyinsa da faɗin cikinsa kullum in ruwa ya taru, ta duba sukarin jininsa, ta yanke masa farce saboda ƙaiƙayi kada ya ji wa kansa rauni.

Batun abinci ya fi ba ni takaici. Mutum na ramewa, an hana shi nama, ƙwai, wake da nono, sai koko tsararo. Mai ciwon hanta da ya daɗe yana buƙatar abincin gina jiki, kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da ɗan abin taɓawa kafin barci. Abin da ya kamata a rage wa mai kumburin ciki shi ne gishiri, dunƙulen magi da kanwa. Mu kuwa mun cire naman mun bar magin.

Mai sikila nasa daban ne. Idonsa kan yi ɗorawa-ɗorawa ko yana lafiya, kuma jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. In ciwo ya tashi, jinyarsa ita ce maganin zafi da wuri, ruwa isasshe, ɗumi musamman da hunturu, da neman abin da ya tayar da shi. Zazzaɓi ga yaro mai sikila ba ya jiran wayewar gari. Nas ta gari takan koya wa uwa yadda za ta taɓa saifar ɗanta a ƙasan haƙarƙarin hagu, domin in ta kumbura farat ɗaya, tafin hannu ya yi fari, jini ne ya taru a ciki kuma sa'o'i kaɗan suka rage. Sai dai uwar da ke Yankuzo ko Keta, ko ta gane, wa zai hau hanyar Tsafe da dare a wannan zamani? Shi ya sa koyarwar nan take da nauyi, don a taso tun da rana.

Ƙarin jini ne inda cututtukan biyu ke gamuwa. Ledar da ba a tantance ba tana iya sa wa mai sikila ciwon hanta nau'in B ko C, yawan ƙarin kuma na tara sinadarin ƙarfe a hantarsa. Ƙa'ida ita ce nas ta tsaya a kansa minti 15 na farko tana lura da zazzaɓi, rawar ɗari ko numfashi, kuma leda ta ƙare cikin awa 4. Nas ɗaya mai gadon marasa lafiya cike da ɗaki ba za ta iya wannan tsayuwar ba, komai tsoron Allahnta.

A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, kuma ana ganin gyaran gine-gine. Madalla. Amma fenti ba ya auna hawan jini. Makarantar koyon jinya da ungozoma ta Gusau da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe suna yaye ɗalibai. Abin tambaya shi ne nawa ake ɗauka aiki, nawa ne kuma ke yarda su zauna a Bungudu ko Tsafe maimakon su nemi canji zuwa birni.

Akwai kuma allurar da ake bayarwa kyauta. Tun 2004 rigakafin ciwon hanta nau'in B yake cikin jadawalin rigakafin yara a Nijeriya, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, domin jaririn da ya kamu a lokacin, kusan 9 cikin 10 da cutar za su girma. A Zamfara yawancin mata a gida suke haihuwa, jariri kuma ba ya fita sai bayan suna. Wanzami yakan riga ma'aikacin rigakafi isa gidan, kuma har yanzu tsarin namu jira yake a kawo jaririn asibiti.