Awa Uku na Farko: Abin da Bincike Ya Nuna Game da Zubar Jini Bayan Haɗari

Ranar kasuwa ce. Babur ya yi karo da amalanke a bakin hanya, an janye saurayi zuwa inuwa. Ƙafarsa na zubar da jini, amma yana magana, har yana neman ruwan sha. Wani ya ce a kai shi wurin mai ɗori, wani ya ce a jira babansa ya dawo daga gona. Kafin a gama shawara, a samu mota, rana ta yi yamma. Irin wannan jira yana cin rayukan da za a iya cetowa.

Jikin babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5. In ya rasa lita ɗaya, zuciya takan ƙara gudu don ta cike giɓin, shi ya sa mai rauni zai iya zama yana hira alhali jini na tsiyaya a cikinsa daga saifa ko hanta. In asarar ta kai lita 2, rai yana cikin haɗari. Ga kuma wata matsala: jikin da ya zubar da jini da yawa yakan yi sanyi, jinin da ya yi sanyi kuwa ba ya daskarewa da kyau. Zubar jini takan jawo ƙarin zubar jini.

Maganin da ke riƙe gudan jini

Idan jijiya ta yanke, jiki yakan ɗaura gudan jini a bakin raunin kamar toshiya. Jiki kuma yana da hanyar narkar da gudan bayan rauni ya warke. A cikin mummunan rauni, wannan narkarwa takan fara tun aiki bai ƙare ba. A shekarar 1962 wasu masana biyu a Japan, Utako Okamoto da mijinta Shosuke, suka bayyana wani magani mai hana gudan jini narkewa, sunansa taranekzamik. An daɗe ana ba da shi ga mata masu zubar jinin haila da yawa da masu cire haƙori, ba a san ko zai ceci wanda ya yi haɗari ba.

Don a gano gaskiya, wata makarantar likitoci ta Landan ta jagoranci babban bincike mai suna CRASH-2. An fara a 2005, aka fitar da sakamako a 2010. Masu rauni 20,211 ne suka shiga, a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya da Kamaru da Gana. Rabi aka yi musu allurar maganin, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri mai kama da ita. Likita da majinyaci duk ba su san wadda aka ba kowa ba, don kada son rai ya shiga lissafi. Cikin waɗanda suka samu maganin, kashi 14.5 cikin 100 suka rasu. Cikin sauran, kashi 16.

A 2011 aka sake duba lissafin bisa lokacin da aka yi allurar, nan ne babban darasi ya fito. Waɗanda aka yi wa cikin awa ɗaya da jin rauni, mutuwa ta zubar jini ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsakanin awa ɗaya da awa uku, ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Bayan awa uku amfanin ya ɓace, mutuwa ta zubar jini ma ta fi yawa ga waɗanda aka yi wa allurar a makare. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ba shi da tsada, ba ya kuma bukatar firji.

Saboda haka, idan ma'aikacin asibiti ya tambaye ku, "Ƙarfe nawa abin ya faru?", ba surutu yake so ba. Amsarku ce za ta nuna masa ko allurar za ta taimaka.

Ƙarin ruwa ba jini ba ne

Mutane da yawa hankalinsu yakan kwanta da zarar sun ga an rataya ledar ruwa. Amma ruwa ba ya kai iska ga gaɓoɓi, ba ya kuma daskarewa. A 1994 likitoci a birnin Hustan na Amurka suka ba da rahoton mutum 598 da aka soka da wuƙa ko aka harba a jiki. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da yawa tun kafin tiyata, 62 cikin 100 suka rayu. Waɗanda aka jinkirta musu ruwan har aka shiga ɗakin tiyata, 70 cikin 100 suka rayu. Ruwa mai yawa yana tsinka jini, yana kuma iya ture gudan da ya fara toshe rauni. Tulun da ya huje, sai an toshe hujin kafin ɗiban ruwa ya yi amfani.

Yau likitan tiyata yakan gaggauta tsayar da jinin, wani lokaci ya danne wurin da ƙyallaye masu tsabta a cikin ciki, ya bar sauran gyara sai jiki ya farfaɗo bayan kwana ɗaya ko biyu. Abin da aka rasa kuwa jini ne, da jini ake mayar da shi. Babu masana'antar da ke yin jini. A garuruwanmu, inda ma'ajiyar jini ba ta cika samun abin ajiya ba, jinin yana jikin ƴan'uwan da suka rako majinyaci.

Wasu suna tsoron ba da jini, wai zai rage musu ƙarfin noma ko na iyali. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Jiki yakan mayar da ruwansa cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma cikin ƴan makonni. Kafin a ɗiba ana duba ko mutum yana da isasshen jini, ana gwada rukuninsa, ana kuma bincika sida da ciwon hanta da tunjere.

Abin da za ku yi kafin a isa asibiti

Ku danne raunin da ƙyalle mai tsabta, da ƙarfi, ba ɗagawa. In ya jiƙe, ku ɗora wani a kai. Kada a zuba ƙasa, toka, garin taba ko kashin shanu.

In jini na feshi daga hannu ko ƙafa kuma dannewa ta kasa, ku ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, ku murɗa da sanda har jinin ya tsaya, ku riƙe lokacin da kuka ɗaure. Banda igiya ko waya.

In wuƙa ko ƙarfe ya kafe a jiki, ku bar shi, likita zai cire.

Ku kwantar da mai raunin, ku lulluɓe shi ko da ana zafi. Kada a ba shi abinci ko abin sha, don mai yiwuwa a yi masa tiyata.

Gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, tafin hannu ya yi fari, ruɗewa ko kumburin ciki, alamu ne na jini yana zuba a ciki ko da ba a ga rauni ba.

Ku tashi nan take da abin hawan da ya samu. Wanda ba ya nan, a sanar da shi a waya daga hanya. Ku tafi da mutum uku ko huɗu masu lafiya waɗanda suka yarda su ba da jini, kuma wanda ya san ƙarfe nawa haɗarin ya faru ya kasance cikinsu.