Yadda Ake Yanka Ƙasa Zuwa Ƙananan Hukumomi: Misali Daga Kazaure da Maƙwabtanta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Daura a mota ya san cewa cikin ɗan lokaci kaɗan zai ratsa jihohi uku. Zai wuce Dambatta yana cikin Jihar Kano, ya shiga Kazaure ya zama baƙon Jihar Jigawa, kafin ya ankara kuma ga shi a Jihar Katsina. In ban da allunan da aka kafa a bakin titi, babu abin da zai nuna masa cewa ya ƙetare wata iyaka. Gero da dawar da ya baro a baya su ne a gabansa, gawo da kuka da ɗorawa kuma ba su sauya kama ba.

A ƙa'idar aikinmu na nazarin halittu, duk tsiron da aka tsinko domin ajiya sai an rubuta inda aka same shi, wato ƙauye da ƙaramar hukuma da jiha. Wata damina na fita da ɗalibai tattara tsirrai a tsakanin Roni da Gwiwa, muka rasa sanin ɓangaren da muke. Sai muka yi wa wani dattijo sallama a gonarsa, na ce, "Baba, nan wace ƙaramar hukuma ce?" Ya jingina da fartanyarsa ya faɗa mana sunan dagacinsu da sarautar hakiminsu, ya ƙara da cewa nan ƙasar Sarkin Kazaure ce. Dattijon bai yi kuskure ba. Taswira biyu ce aka shimfiɗa a kan ƙasa ɗaya, ya ba mu amsa daga tsohuwar, mu kuwa sabuwar muke tambaya.

Tsohuwar taswira

Masarautar Kazaure ta kafu wajen shekarar 1819 a hannun Ɗan Tunku, wanda ya taso daga Dambatta. An yanko ƙasarta ne daga gefen Kano da Katsina da Daura, don haka tun asalinta ƙasa ce da ke zaune a mahaɗar iyakoki. Ɗansa Dambo, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ya bunƙasa garin Kazaure.

A wancan zamani, musamman a babbar masarauta irin Kano, hakimi ba ya riƙe da yanki guda a dunƙule. Yakan zauna a birni kusa da fada, garuruwan da ke hannunsa kuwa suna warwatse, wannan a gabas wancan a kudu, jakadunsa ke zuwa karɓo masa abin da aka tara. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, wannan tsari bai yi musu ba, domin mai son ƙidaya kawunan masu biyan haraji yana bukatar ya san inda hannun wane ya tsaya, na wane ya fara. Sai suka harhaɗa garuruwan da ke maƙwabtaka suka mai da su gunduma, suka umurci kowane hakimi ya tare a gundumarsa. Daga nan tsanin da muka sani ya daidaita: mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki. Haraji da jangali su hau ta wannan tsani zuwa baitulmali, umurni kuma ya sauko ta kansa. Wannan ita ce En'e, mai alƙalanta da 'yan dokarta da gidan yarinta, Razdan da Di'o suna sa mata ido. A ganina, wanda ya fahimci cewa littafin haraji ne ya haifi gunduma ya fahimci rabin tarihin iyakokinmu.

Gyaran 1976

Bayan da Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, aka fara zare wa En'e ƙarfinta. Kotuna da 'yan doka da gidajen yari suka koma hannun gwamnati. Amma babban sauyi ya zo ne a 1976, zamanin Janar Obasanjo, lokacin da aka shimfiɗa tsari iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka amince da ƙaramar hukuma a matsayin mataki na uku na gwamnati, bayan tarayya da jiha. Sarakuna suka koma majalisun masarautu masu ba da shawara. A wannan karo ma'aunin ya zama yawan jama'a: aka tsara cewa ƙaramar hukuma kada ta gaza mutum 150,000, kada kuma ta wuce 800,000, sai fa inda dole ta sa. Aka sami ƙananan hukumomi 301 a Nijeriya, 20 daga ciki a tsohuwar Jihar Kano. Kazaure na ɗaya daga cikin ashirin ɗin. Roni da Gwiwa da Babura kuwa ba su cikin jerin, kowace tana ƙarƙashin wata. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, sai aikin da aka gina gunduma dominsa ya kau, ko da yake hakimi da dagaci sun ci gaba da zama inda talaka ke fara kai kukansa.

Me ya sa aka sa iyaka ta ƙasa da ta sama? A nan mai karatu zai gafarce ni in ɗan koma fagena. Ƙwayar halitta, wato ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jikin kowane mai rai da shi, tana samun abinci da iska ne ta fatarta. Idan faɗinta ya ninka biyu, fatar takan ninka huɗu, cikin kuwa ya ninka takwas. Ke nan ciki ya fi baki saurin girma, har a kai inda abinci ba ya isa tsakiya. A nan sai ta rabu biyu. To amma rabuwar ba kyauta ba ce, domin kowace 'ya sai an yi mata cibiyarta da sauran kayan aikinta. Haka hukuma take. In ta yi faɗi da yawa, mutumin ƙauye zai ɓata yini guda da kuɗin mota don neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. In kuma ta yi ƙanƙanta, sakatariya da shugaba da kansiloli da shugabannin sassa za su lashe abin da ya kamata a haƙa rijiya da shi. Kwatanci ne kawai, kada a ja shi da nisa, don ita ƙwayar halitta ba ta da 'yan siyasa.

Daga 301 zuwa 774

Ma'aunin 1976 bai daɗe ba. Gwamnonin Jamhuriya ta Biyu sun yi ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, gwamnatin Janar Buhari ta rushe su a 1984 ta koma kan 301. Janar Babangida ya ƙara yawansu a 1989, ya sake ƙarawa a 1991 har suka kai 589. A wannan shekarar ce, ranar 27 ga Agusta, aka cire Jigawa daga Kano. Janar Abacha ya kai adadin 774 a 1996, in an haɗa da majalisun yankuna shida na Abuja, kuma a nan aka tsaya har yau. Jigawa na da 27, Kano na da 44. Wato ƙasar da ke da 20 a 1976 yanzu tana da 71. Masarautar Kazaure ta zama huɗu: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. A ƙidayar 2006 mutanen Roni ba su kai 80,000 ba, kusan rabin mafi ƙarancin abin da aka tsara tun farko, alhali Babura ta haura 200,000, Alimosho ta Legas kuwa ta wuce miliyan ɗaya. Duk da haka sunansu ɗaya a gaban doka.

Dalilin da akan bayar a fili shi ne kusanto da gwamnati ga jama'a, kuma akwai gaskiya a ciki. Garin da ya zama hedikwata yakan sami titi da asibiti da ofishin 'yan sanda da guraben aiki. Amma akwai dalili na biyu da ke cikin lissafi. Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi gaba ɗaya na da kashi 20.6 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Wajen raba kason a tsakaninsu, kashi 40 cikin ɗari raba-daidai ake yi ba tare da duban girma ba, kashi 30 ya bi yawan jama'a, ragowar kuma a duba faɗin ƙasa da ƙoƙarin tara kuɗin shiga da bukatun ilimi da lafiya. Mai karatu ya lura: yankin da ke da hukuma ɗaya zai ɗauki rabo ɗaya daga wancan kashi 40, in an tsaga shi huɗu ya ɗauki huɗu, ko da mutum ɗaya bai ƙaru ba. Shi ya sa ba a taɓa jin wata al'umma ta kai takardar neman a haɗe ta da maƙwabciyarta ba, kuma shi ya sa mutanen Legas, masu 20, ba su daina ƙorafi a kan 44 na Kano ba.

Ƙofar da aka kulle

Duk waɗannan yanke-yanke da suka ɗore sojoji ne suka yi su da doka ta sa hannun mutum ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ya jera sunayen ƙananan hukumomin ɗaya bayan ɗaya a jadawalinsa na farko, sashe na 8 kuma ya tsananta sharuɗɗan ƙirƙiro sabuwa. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun nema, a yi ƙuri'ar raba gardama kashi biyu cikin uku su amince, mafi yawan majalisun ƙananan hukumomin jihar su yarda, majalisar dokokin jiha ta zartar da kashi biyu cikin uku, sannan Majalisar Tarayya ta shigar da sunan cikin jadawalin. Legas ta gwada a zamanin Gwamna Bola Tinubu da sababbi 37, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce riƙe kuɗin ya saɓa wa doka, amma sababbin ba su cika ba tunda Majalisar Tarayya ba ta yi nata ba. Tun 1999 ko ɗaya ba a ƙara ba.

Babura ta fi nuna yadda taswirorin ke hawa kan juna. Maƙwabciyar ƙasar Kazaure ce, amma a tarihi gundumar Sarkin Kano ce. Da aka yi Jigawa sai ta faɗo cikin sabuwar jiha, kuma tun da ba a son sarki ya riƙe ƙasa a jihar da ba tasa ba, aka kafa masarautun Ringim da Dutse su riƙe irin waɗannan gundumomi. Yau Babura na ƙarƙashin Sarkin Ringim tare da Garki da Taura. A zaɓen Majalisar Wakilai, Babura da Garki ke fitar da mutum ɗaya, ƙananan hukumomi huɗu na Kazaure su ma su fitar da ɗaya. A zaɓen sanata kuwa duk suna cikin mazaɓar Jigawa ta Arewa maso Yamma mai ƙananan hukumomi 12. Can ƙasa kuma akwai mazaɓun kansiloli, 287 a faɗin jihar. Hausa ta ƙara rikita lamarin, domin kalmar gunduma ana kiran ƙasar hakimi da ita, ana kuma kiran mazaɓar kansila da ita, alhali ba lalle iyakokinsu su dace ba.

Abin da tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma shi ne abin da ya fi kusa da rayuwar yau da kullum: kasuwa da tasha da kwata da maƙabarta, kwashe shara da gyaran lambatu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da lafiya matakin farko da aikin gona. A nan ne nake ganin amfanin layin da kuma rauninsa. Yaƙin shan inna, wanda ya kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Nijeriya a 2020, an yi shi ne mazaɓa mazaɓa, kuma ma'aikatan ƙaramar hukuma ba su iya shiga gida sai da rakiyar mai unguwa, wato sabuwar taswira ta jingina da tsohuwa. Amma sauro da sanƙarau da tsuntsun jan-baki ba su karanta allo. Garken jan-baki na iya kwana a fadamar wata jiha ya yi kalaci da geron wata. Makiyayin da ke bin burtali daga ƙasar Daura ya ratsa Gwiwa zuwa Kano zai bi ta hannun hukumomi da dama, ba kuwa wadda ke da alhakin burtalin daga farkonsa zuwa ƙarshe.

Saura batun wanda ke riƙe da lalitar. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta cikinsa kuɗin ke bi, kuma shekara da shekaru ana kukan cewa abin da ke fita bai kai abin da ya shiga ba. Gwamnoni da yawa kuma sun saba naɗa kantomomin riƙo maimakon yin zaɓe, duk da cewa sashe na 7 ya wajabta zaɓaɓɓun majalisu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan kowace ƙaramar hukuma kasonta kai tsaye, kuma wadda ba ta da zaɓaɓɓun shugabanni kada a ba ta. Jihohi sun yi ta rige-rigen gudanar da zaɓe bayan hukuncin, amma batun biyan kai tsaye ya ɗauki watanni ana ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da shi.